Daraktan makaranta a Maraɗi: nauyi a kansa, iko a hannun wani

Wata safiya a lokacin sanyin bara ɗiyata ta tashi da zazzaɓi, na bar ta kwance a gida, na kuma mance ban sanar da makarantarsu ba. Ƙarfe goma ba ta yi ba sai ga kiran sakatariyar makaranta, tana tambayar abin da ya hana yarinyar zuwa aji. Shekara tara ke nan ina zaune a Landan, amma har yau irin wannan kira yana ba ni mamaki, domin ni a lakwal ɗin unguwarmu a Maraɗi na yi karatu, inda ɗalibi kan yi mako guda ba a gan shi ba kafin mushe ya tambayi abokansa ko lafiya.

Daga baya iyaye suka zaɓe ni cikin kwamitin da ke sa ido kan makarantar, a nan ne na ga inda wannan tsari yake samun ƙarfinsa. Tun daga dokar ilimi ta 1988 aka miƙa wa makarantun Ingila kasafin kuɗinsu, saboda haka shugabar makaranta tare da kwamiti su ne ke ɗaukar malami, su ne ke yanke abin da za a saya. Idan malami ya kwana da ciwo, kafin yara su gama shiga aji an samo wanda zai tsaya masa, kuma daga asusun makarantar za a biya shi. Doka ta ce a yi karatu kwana 190 a shekara, ana kuma ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

Yayana daraktan makarantar firamare ne a wani ƙauye da ke kudancin jihar Maraɗi. Na kai masa ziyara a farkon watan Nuwamba, wata guda bayan buɗe makarantu a hukumance, na tarar azuzuwa biyu ne kawai ke karatu, su ne na siminti. Sauran ukun rumfunan zana ne, ba a kafa su ba tukuna, domin sai an gama girbi a sami karan gero, sai kuma iyaye sun sami sararin zuwa aikin gayya. Malamin kwantaragi ɗaya ya tafi birni karɓar kuɗinsa tun shekaranjiya. Shi kuwa darakta yana tsaye da alli a ajin ƙarshe, yana leƙa ajin malamin da ba ya nan, ga takardun ƙididdiga da sufeto ke jira a kan teburinsa an danne su da dutse kada iska ta kwashe. Na ce masa, «Yaya, me ya hana ka ɗauki mataki a kan wanda ya tafi?» Ya yi murmushi ya ce, «Ƙanena, ba ni na ɗauke shi ba, ba ni ke biyan shi ba, ba ni zan canza masa wurin aiki ba. Abin da nake iya yi shi ne in rubuta rahoto, kuma gobe tare za mu ci tuwo.»

Wannan tsari mun gaje shi ne daga Faransa, inda daraktan firamare malami ne cikin malamai, sufeto kuma shi ne shugabansu na gaskiya. Bambancin shi ne sufeton Faransa yana da hanya da mota, namu kuwa yana da makarantu barkatai a cikin daji da babur da ba kullum yake da mai ba.

Masu bincike sun daɗe suna gardama a kan ko yadda ake tafiyar da makaranta yana da tasiri. A 1966 rahoton James Coleman a Amurka ya nuna cewa gidan da yaro ya fito ya fi kayan makaranta tasiri a kan sakamakonsa, har wasu suka ɗauka makaranta ba ta canza komai. A 1979 Michael Rutter da abokan aikinsa suka bi makarantun sakandare 12 a nan Landan, suka gano cewa yara masu asali iri ɗaya suna samun sakamako mabambanci gwargwadon yadda ake fara darasi a kan lokaci, ake duba aikin gida, malamai kuma suke aiki da manufa ɗaya. Abin da ya fi shafar mu shi ne binciken Heyneman da Loxley na 1983, wanda ya nuna cewa a ƙasashe matalauta tasirin makaranta da malami ya fi girma a kan na ƙasashe masu arziki. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya tashi a ƙauye: yaron da babu littafi a gidansu, kuma ba a jin Faransanci a gidan, abin da ya samu a aji shi ne duk rabonsa.

Nijar ta gwada maganin wannan matsala ta hanyar kwamitin iyaye da malamai da aka fi sani da COGES, wanda shirin haɗin gwiwa da hukumar JICA ta Japan ya ƙarfafa tun daga 2004 a jihar Tawa. A ƙarshen 2007 aka raba kuɗin tallafi ga kwamitocin makarantu 500 cikin 1000 a jihohin Tawa da Damagaram, aka bar sauran don kwatantawa. Elizabeth Beasley da Elise Huillery, waɗanda suka nazarci sakamakon, sun ga iyaye sun ƙara himma, sun gyara azuzuwa, ƙananan yara sun rage barin makaranta, amma makin jarrabawa bai motsa ba, fashin malamai ma ya ɗan ƙaru. Manomin da bai taɓa zama a aji ba yana iya ɗaura zana, amma da wuya ya dubi idon mushe ya tambaye shi inda ya kwana uku. Wani gwaji da Eiji Kozuka ya bi daga baya a jihar Tilaberi ya ƙara haske: kuɗi kaɗai bai ɗaga maki ba, sai inda aka haɗa shi da horon da ya nuna wa iyaye matsayin karatun ƴaƴansu da abin da za su yi a kai.

Ba ina cewa a kwaso tsarin Ingila a juye a Maraɗi ba. Na ga yadda tsoron Ofsted, hukumar da ke binciken ingancin makarantun Ingila, ke hana shugabannin makarantu barci, har gwamnati ta soke hukuncin kalma ɗaya da ake liƙa wa makarantu a 2024. Kuma babu ikon darakta da zai maye gurbin gini. Gobarar da ta cinye yara fiye da 20 a ajin zana a birnin Maraɗi cikin Nuwamban 2021 ta isa shaida. Sai dai gini yana jiran kuɗin da ba mu da su yanzu, alhali akwai gyaran da ba ya buƙatar siminti. A gwajin PASEC na 2014, wanda ke auna karatun ɗalibai a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ɗaliban ajin ƙarshe na firamare a Nijar da suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba, a 2019 suka kai kusan uku cikin goma, wanda ke nuna abin yana motsawa idan an taɓa shi.

Abin da nake roƙo ga irin su yayana shi ne a sauke musu nauyin koyarwa a aji a makarantun da suka kai azuzuwa shida, a ba su horo na musamman a makarantar horon malamai ta Maraɗi kafin a naɗa su, a kuma sa rahotonsu ya zama yana da nauyi wajen sabunta kwantaragin malami. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kuma tana da ɗaliban da za ta iya turawa Tasawa, Mayahi, Dakwaro da Madarumfa su zauna su ƙirga kwanakin da aka yi darasi da gaske tsakanin Oktoba da Yuni, aji bayan aji. Yayana yana da nasa lissafin a bayan wani tsohon littafin rajista, da jan biro, kuma ya ce tun da ya fara rubuta shi babu wanda ya taɓa neman ya gani.