"Toh" Ɗin da Ya Ja Mini

Ranar bikin kammala karatunmu, cikin watan Mayu, na sa zurmemiyar baƙar riga da hular nan mai kama da faifai. Aka ce mu juya igiyar hular daga dama zuwa hagu, muka juya, fili ya kaure da ihu. A raina na ce shi ke nan, yau Auta ta girma.

Mu bakwai ne a ɗakin Umma, ni ce ta ƙarshe, kuma duk wanda ya taɓa zama auta ya san gatan da ake faɗa rabinsa labari ne. Ke ce ɗauko buta, ke ce miƙa kwano maƙwabta, ke ce nemo silifas ɗin Yaya da shi kansa bai san inda ya jefar ba. Har na bar Kano na zo karatu jihar Ohio ban daina amsa aike ba, ta waya ake aiko ni. Saboda haka digirin nan a wurina takardar 'yanci ce.

Kafin in kai ga abin da ya same ni, sai na yi bayanin ƙungiyarmu, don na san an fara ɗaga gira. A jami'o'in Amurka akwai ƙungiyoyin ɗalibai mata da ake kira sororiti, daga kalmar Latin mai nufin 'yar'uwa. Sunayensu haruffan Girkanci ne, biyu ko uku. Abu ne mai tsohon tarihi: ta farko an kafa ta a 1851 a wata kwalejin mata da ke Macon, jihar Georgia, kuma tun 1902 akwai babbar inuwar da a yau ta haɗa 26 daga cikinsu. Tamu tana ciki. Ana zama gida ɗaya, ana tara kuɗin taimako, kowace sabuwa a haɗa ta da wata babba mai kula da ita, kamar uwar ɗaki a makarantar kwana. Sai kuma ɗan abin da ba a faɗa wa bare: rantsuwar shiga, da wata gaisuwar hannu.

Wannan na ƙarshen ne na yi wautar faɗa wa Umma a 2021.

"Rantsuwa? Da gaisuwar sirri? Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Auta, kuɗin gonar Abbanku muka sayar ki je ki shiga ƙungiyar asiri?"

Ban ga laifinta ba. A gida in aka ce ƙungiyar ɗalibai mai rantsuwa, gatari da jini mutum yake hangowa. Na ce Umma wallahi iyakar ta'asarmu sayar da kek don asibitin yara. Na ce ai Kamala Harris ma, mataimakiyar shugaban ƙasar Amurka a lokacin, 'yar irin wannan ƙungiya ce, Alpha Kappa Alpha, wadda baƙar fata suka kafa a Jami'ar Howard a 1908. Umma ta yi shiru, sannan ta ce, "Ita ma Allah ya shirye ta." Sai da Yaya Babba ya sa baki aka bar ni, bisa sharaɗin Ayatul Kursiyyu kafin kowane taro.

To, an gama karatu. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, girma a Amurka takardu ne. Bizar ɗalibi tana ba ka wata 12 ka yi aiki a fannin da ka karanta, in fannin kimiyya ne a ƙara maka wata 24, amma a shekarar farko in ka tara kwana 90 ba aiki, ka fara haɗa kaya. Na riƙa ƙirga kwanaki kamar mai takaba. A kwana na 61 na samu aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Columbus. Da na je neman ɗaki, mai gidan ya ce yana son ganin makin bashina. Na ce da alfahari ban taɓa cin bashin kowa ba. Ya dube ni da tausayi. Ashe a nan akwai maki daga 300 zuwa 850 da ake ba mutum gwargwadon yadda yake cin bashi yana biya, wanda bai taɓa ci ba kuwa ba a san halinsa ba, don haka ba a yarda da shi. Tarbiyyar Abba ta shekara 22 ta ja mini biyan kuɗin ajiya ninki biyu. Wata guda ina kwana a katifar da ake hurawa, wadda kullum kafin Asuba ta sace, in farka a ƙasa.

Ina cikin wannan hali saƙo ya shigo daga reshen tsofaffin ɗaliban ƙungiyarmu na garin. Dama tun ranar shiga ana nanata mana cewa abin nan ba na shekara huɗu ba ne, na har abada ne. Na ɗauka irin maganar da ake yi ce a wurin biki. Suka ce taron farkon shekara ranar Asabar ƙarfe 11, a gidan ɗaya daga cikinsu, kowa ta zo da abinci kwano ɗaya.

Nan na fara tangarɗa. A ce ka gayyaci mutum gidanka, ka ce ya zo da abincinsa? Amma na ce ba komai, dama ce ta nuna musu 'yar wace ce ni. Dafaduka zan yi, ta manja, da daddawa da busasshen kifi, irin wadda in Umma ta yi har layi na uku sai an sani. Na je shagon Somaliyawa, waɗanda suke da yawa a garin nan kuma su suka raba mu da wahalar neman naman halal, na sayo kaza. Manja da daddawa kuwa cikin akwatina suka zo, a naɗe cikin leda biyar.

Safiyar Asabar na ɗora tukunya, na zuba manja, na bar shi ya soyu yadda aka koya mini, har sai ya yi hayaki ƙamshinsa ya fito. A Kano kicin ɗinmu a tsakar gida yake, hayaki ya san hanyarsa. A nan ɗaki ne rufaffe a hawa na uku, da wani farin abu manne a silin wanda tun zuwana na ɗauka ado ne.

Abin nan ya tsandara ƙara. Na ɗauki ɗankwali ina yi masa fifita kamar mai lallashin jariri. Na buɗe ƙofa don hayakin ya fita, wanda shi ne babban kuskurena, domin na baranda ya ji, ya karɓa, ya miƙa wa na ginin gaba ɗaya. Cikin minti kaɗan mutanen gidan duk suna waje: mai tawul, mai rungume da kyanwa, wani tsoho da gajeren wando yana duban kowa da idon tuhuma. Motar kashe gobara ta iso. Ƙattai uku suka hau sama da kayan aikinsu, ni ina biye da zani da ludayi a hannu. Babbansu ya leƙa tukunya, ya shaƙa, ya ja baya, ya nuna ƙullin daddawa da ke gefe ya tambaye ni, cikin ladabi sosai, ko wani abu ne ya mutu. Na ce kayan miya ne. Ya ce in riƙa buɗe taga.

Duk da haka na ƙarasa girkina. Bahaushiya ba ta barin tukunya a kan wuta don an tara mata jama'a.

Na isa gidan taro ƙarfe 12 da rabi. A lissafina ban makara ba. Na sha leshi ruwan zuma, na kafa ɗauri, na zuba awarwaro, tunda an ce taron farkon shekara. Na tarar da mata kusan 20 cikin wandon jins da rigar sanyi, sun ci sun sha, har an fara tattara faranti. Kuma duk zaton da na yi na haɗuwa da sa'o'ina ya rushe a bakin ƙofa: mafi ƙuruciyarsu ta ba ni shekara 15. Akwai wadda ta shiga ƙungiyar tun kafin a haifi Umma. Ita ce ta taso da sandarta ta kama hannuna, ta yi mini gaisuwar nan ta sirri, ta ce da ni "'yar'uwa". Matar da ta yi jika da ni! Ban san lokacin da gwiwata ta kai ƙasa ba. Suka zabura, sun ɗauka jiri ne ya ɗebe ni, wata har ta kawo ruwa. Daga ranar a zuciyata Gwaggo nake kiranta, don bakina ba zai iya furta sunanta gatsau ba.

Gwaggon ce ta cece ni daga masifa ta biyu. Na ga jug cike da ruwan lemo, na tsiyaya, na kai baki ke nan ta dafe hannuna ta ce wannan an haɗa shi da giya, nawa yana cikin firji. Ta ce ta taɓa zama da maƙwabta Musulmi. Na ce a raina Ayatul Kursiyyun Umma ce ta yi aiki.

Dafaduka kuwa ta samu karɓuwa iri biyu. Wasu suka ɗiba cokali ɗaya suka ce abin sha'awa ne, wanda zaman shekara huɗu ya koya mini cewa ba yabo ba ne. Gwaggo ta cika faranti, ta ga robar yajin da na ajiye a gefe, ta barbaɗa kamar gishiri kafin in buɗe baki. Fuskarta ta koma kalar manjan. Hawaye na zuba, tana tari, tana ɗaga mini babban yatsa. Ta sha madara kofi biyu, ta koma ta ƙara.

Sai aka zauna taro. Suna bin wani littafin ƙa'idar taro da wani hafsan sojan Amurka ya wallafa a 1876: wata ta kawo shawara, wata ta mara mata baya, a ƙirga hannu, magatakarda ta rubuta. Ni ina can gefe ina tunanin ko mai gidana zai kore ni. Gwaggo ta matso kusa da ni tana magana ƙasa-ƙasa. Shekara 19 tana riƙe da kuɗin reshen. Idonta ya yi rauni. Gwiwa ta ƙi. Banki sun mayar da komai waya, ita kuma wayar ba ta jin maganarta.

Me ake ce wa tsohuwa in tana ba ka labarin ciwonta? Sannu ake cewa, a ce toh. Toh ɗinmu kuwa faɗi gare shi. Yana nufin na ji, yana nufin Allah sarki, yana nufin ci gaba ina saurare, wani lokaci ma yana nufin ba zan yi ba amma ba zan faɗa miki ba. Ni kuma da na juya shi zuwa Turanci, abin da ya fito shi ne "oke". Tana faɗa ina gyaɗa kai, oke, oke. Ta tambaye ni shekara nawa zan yi a garin. Na ce bizata dai iyakarta uku. Ta ce madalla, wa'adin biyu ne. Na ce oke.

Ta ɗaga sanda ta ce tana da shawara. Na ji sunana. Wata ta mara baya. Na ɗaga hannu don in ce a dakata, ba a fahimce ni ba, magatakarda ta ƙirga da hannuna. Ba hamayya. Aka yi tafi. Gwaggo ta jawo wata jakar leda daga ƙarƙashin kujera, da ma da ita ta zo, ta ɗora mini a cinya: rasiɗai na shekara 19, littafin ceki, da wata na'urar lissafi da ta girme ni.

Ilimin ƙananan halittu na karanta. Ko canjin cefane Umma ba ta yarda in ƙirga.

Kafin a tashi an gano cewa tunda ni ce yarinya, ni na iya Facebook, don haka shafin reshen ma nawa ne. Kuma tunda ƙafata lafiya lau, kwashe kujeru zuwa gareji ba zai gagare ni ba. Na kwashe su cikin leshi da ɗauri.

Mafi wuyar aikin shi ne karɓar kuɗin shekara, dala 40 kowace. Yaya zan kira matar da ta haifi kamar Umma in ce ta biya bashi? Saƙona na farko sakin layi huɗu ne: gaisuwa, tambayar iyali, tambayar sanyi, addu'a, sai a can ƙasa na ce in da hali, in ba takura, akwai wata 'yar magana. Mutum biyu suka biya. Uku suka amsa cewa saƙon ya sa su hawaye, ba su kuma biya ba. Gwaggo ta kira ni ta ce in rubuta layi ɗaya: adadi da rana. Na rubuta hannuna yana rawa, na yi istigfari, na tura. Kafin Magariba mutum 14 sun biya, ba wadda ta ji haushi.

Daren Lahadi na kira Umma na zayyana mata komai, ban da zancen motar kashe gobara. Ta saurara har ƙarshe.

"Tsaya, Auta. Mata ne zalla?"

"Eh, Umma."

"Kowa tana zuba kuɗi, ke kina riƙewa, kina bin waɗanda ba su zuba ba?"

"Haka ne."

"Ikon Allah. Shekara da shekaru ina tashi tsakar dare ina miki addu'a, ashe adashi ne. To wa ke kwasar farko?"

Na ce ba a kwasa, kuɗin na tallafin karatu ne da aikin taimako. Ta ce wannan wane irin adashi ne marar albarka, ta kuma ja mini kunne kada in kuskura in taɓa ko sisi, don uwar adashin layinmu har yau ba ta iya zuwa suna. Sannan ta ce in tambayi tsohuwar nan ko yajin mai citta take so ko marar citta, akwai mai tahowa wata mai zuwa.

Na ce toh.