Jan ƙarfen Kawu

Da Kawu ya rushe tsohon shagonsa na unguwar Domayo a Marwa ta Kamaru, ni na taya shi kwashe tarkace. Maimakon kuɗin wahala sai ya jingina min buhun tsofaffin wayoyin lantarki, ya ce, "Ɗana, ɗauki wannan, jan ƙarfe ne a ciki, ya fi abin da zan ba ka." Na rusuna na yi godiya har da addu'a.

Kafin in isa gida na gama kashe kuɗin a kaina. Na karɓi kilishi bashi, na kuma ce wa uwargida ta fara tunanin launin atamfa.

Yaran unguwa suka ce ƙonawa ake yi, haka suke yi a cikin yashin kogin Mayo Kaliao da rani. Na zaɓo masu kauri na cinna musu wuta a bayan ɗaki. Robar waya ba itace ba ce. Hayaƙinta baƙi ƙirin, yana yankan maƙogwaro saboda sinadarin kulorin da ke cikinta, ga guba mai taruwa a jiki. Ya bi ta kan fararen zannuwan da aka shanya, ya tsallake katanga. Sai ga muryar Hajiya maƙwabciya cikin tari: "Malam, lafiya? Ko gobara ce mu kira mutane?" Uwargida ba ta ce uffan ba, bokitin ruwa kawai ta juye a kan jarina.

Na koma fiɗa da reza. Rana ta Marwa a watan Afrilu takan wuce digiri 40, in ka shanya waya a cikinta robar kan yi laushi, sai ka tsaga ka zare. Dabarar tana aiki, amma yatsuna ne suka biya, kowanne ya samu rawanin tsumma. Duk da haka tulin ya taru, ja jawur, yana sheƙi.

Na hau babur zuwa wajen mai sayen gwangwan. Dattijo ne, bai ko dubi sikeli ba. Ya ɗaga buhun ya jinjina, ya dube ni. Ya ciro mayen ƙarfe na tsohuwar sifika ya jefa ciki, rabin kayan suka taso suka manne.

"Wannan wayar tauraron ɗan'adam ce, ɗan'uwa. Baƙin ƙarfe ne aka yi wa fenti da jan."

Sauran ya kankare da wuƙa, ciki fari fat. Sanholo ne cikin rigar aro. Ya ce jan ƙarfe na gaske ya ninka sanholo nauyi fiye da sau uku, tun daga ɗagawa ya gane.

"To babu ko ɗaya, Alhaji?"

Ya tono ƙasan buhu ya fito da ɗan dunƙulen da na ƙona. Shi kaɗai ne na ainihi, shi ma ya rage masa farashi don ya yi baƙi. Ya ƙirgo min sefa 1,500. Mai babur, zuwa da dawowa, ya karɓi 500, mai kilishi na tsaye a bakin layi.

Na yi sallama a hankali. Uwargida tana durƙushe tana sake wanke zannuwa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Maigida, na fasa shuɗiyar. A sayo min sabulu."