Wai shi ma "tek" zai shiga

Jiya na sa a status maganar wani yaro da ya ajiye sana'arsa wai zai shiga tek, wato harkar fasahar kwamfuta, to yaron nan ɗan yayata ne, kuma wallahi har yanzu raina bai huce ba. Shekara biyu yana koyon gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, hannunsa ya fara faɗawa, ya iya canza sikirin, ya iya ɗaga IC, ƙananan sassan nan da ke manne a allon waya, ba tare da ya ƙona allon ba, ogansa har ya fara bar masa shago in zai fita. Kawai sai ya ajiye kayan aiki wai shi tek zai shiga. Wani ne ya buɗe aji a WhatsApp, sati uku, dubu 40, daga nan sai dala ta fara zuba. Dala fa! Mutumin da ko laftof ba shi da ita.

Na ce masa kai yaro, abin da kake yi a kasuwar nan mene ne, sassaƙar turmi?

Tek sana'a ce, koyonta ake yi kamar ɗinki ko kanikanci, kuma lokaci take ci. Mai rubuta manhaja sai ya yi watanni yana fama da yaren kwamfuta irin Python ko JavaScript, aiki ya ƙi tashi saboda waƙafi ɗaya, ya kwana yana nemansa ido ya yi ja. Masu irin wannan aji kullum misalinsu Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Najeriya, wai kamfanin Stripe ya saye shi sama da dala miliyan 200 a 2020. To masu shi ilimin kwamfuta suka karanta a jami'ar Babcock, sun daɗe suna rubuta manhaja kafin su kafa shi a 2015. Wannan ɓangaren ba a faɗa a ajin sati uku.

Na san yanzu za a zo min da "ai ba sai da digiri ba". Wa ya ce digiri? Lokaci na ce. Wasu kuma wai ina kashe wa matasa gwiwa. Haka kuka ce min a 2024 lokacin da kuke ta dannan Hamster, wasan kirifton nan na Telegram, dare da rana, da aka fashe nawa kuka samu? Ko kuɗin data bai fito ba.

Tsakani da Allah ina son yaron nan ya shiga harkar, yana da kai. Amma ya riƙe shagonsa da rana, ya tara ya sayi laftof ko ta hannu ce, ya nemi 3MTT, shirin koyar da tek da gwamnati ta fara a 2023 tunda kyauta ne, ya zaɓi abu ɗaya ya zauna a kansa shekara guda. Ɗaya! Ba yau zane ba, gobe kirifto, jibi tsaron intanet.

Ni yanzu ma wayata ce ke damuna, wajen cajin ya lalace sai na ɗaure da roba take kamawa, a da yaron ne ke gyara min kyauta. Akwai wanda ya san mai gyara na amana wajen Tarauni? Ba wanda zai cire min batiri ya sa tsoho ba don Allah.