Wai Sai Na Buɗe Tikiti

Ranar Talatar nan na bar Nima, unguwarmu a Accra, tun ana sallame sallar asuba, na sha matsi a cikin torotoro, motar haya, duk don in riga kowa kama na'urar PCR, mai gano ƙwayar cuta a samfurin jini, a ɗakin bincikenmu. Jinin yara ne aka kawo mana daga Arewacin Ghana cikin akwatin ƙanƙara, ana neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Na narkar da sinadarai, na cika farantin nan mai rami 96 ɗaya bayan ɗaya har wuyana ya ƙage. Ina sa shi a na'ura wuta ta ƙifta. Batirin ajiyar da ke ƙarƙashin tebur, wanda ya mutu tun bara, ya yi ɗan kukansa ya yi shiru. Da kwamfutar ta farfaɗo sai ta ce ba za ta buɗe manhajar ba sai an sa mata kalmar sirri ta masu kula da ita.

Shekara 14 ina aiki a wurin nan. An yarda in riƙe jinin mutane, an yarda in riƙe makullin firiza, amma kalmar sirrin kwamfutar da nake zama gabanta kullum, a'a, wannan ta fi ƙarfina.

Na hau bene ofishin masu gyara. Nan ne kaɗai na'urar sanyaya ɗaki ba ta taɓa lalacewa ba. Yaron da na tarar ɗan Zango ne, na girme shi nesa ba kusa ba. Yana zaune da wake da shinkafa a ganye, da ƙwai da taliya, abin sauraro a kunne. Na yi sallama. Ya zare na kunne ɗaya, ɗaya kawai, ya riƙe shi a iska, alamar kada in daɗe.

"Sannu da aiki, ƙanena. Kwamfutar PCR ce ta kulle, ga samfuri a ciki. Minti biyu kawai zan ci maka."

"Hajiya, kin buɗe tikiti?" Wato ko na rubuta ƙorafin a shafinsu na intanet.

"Intanet ɗin ofis ai tun jiya babu."

"Ki yi da wayarki mana."

"Shafin naku ba ya buɗuwa sai da intanet ɗin ofis."

Ya kai loma, ya tauna a natse. "To sai ki jira ya dawo."

"Wa zai dawo da shi?"

"Mu."

"Yaushe?"

"Ai ba wanda ya buɗe tikiti a kai."

Wallahi na tsaya ina kallonsa ko zai yi dariya. Bai yi ba. Na haɗiye, na ce masa sinadaran da ke cikin farantin nan da dala ake sayensu, wata uku suka yi kafin su iso, kuma ba sa jiran kowa. Sai ya tambaye ni, da muryar da ake koya wa yaro alwala, ko na gwada kashewa in kunna. Na ce sau uku. Ya ce to ai shi ke nan, na ƙara ɓata ta. "Ku masu digiri haka kuke, Hajiya. Ku cusa filashi ku kwaso cuta, sannan ku zo kuna ɗaga wa mutane hankali."

Mu masu digiri! Kwamfutar da har yau Windows 7 ke kanta, tsohuwar manhajar da masu ita suka daina kula da ita tun Janairun 2020, ni ce na kawo mata cuta. Daga ƙarshe dai gaskiya ta fito: shi ma bai san kalmar ba. Oga ne kaɗai ya sani, oga kuwa yana otal a Koforidua, ana taron bita na kwana 3 kan zamanantar da aiki. Ya mayar da abinsa kunne.

Da wannan ne na farko da na yi shiru. A 2015, lokacin da dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya kai intaha, muna ji muna gani firizar da ke riƙe sanyin 80 ƙasa da sifili ta narke. Bayan nan babbar kwamfutar ajiya ta mutu da aikin shekara 3, muka ce a ɗauko kwafin, ashe kwafin ma a cikinta aka ajiye. Wanda ya ɓoye makullin safaya a cikin ɗakin da ya kulle ai ya fi su dabara.

Amma yaron nan me ya sani? Abin da ya tarar ne. Ƙasar da Nkrumah ya aza harsashin cibiyar nukiliya a Kwabenya tun 1964, ƙasar da ke alfaharin ta samu intanet tun 1995, ita ce yau ma'aikacin bincike ke roƙon batiri kamar almajiri. Shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa don bincike, mu har yau ba mu kai ba. Na'urar Bature ya saya, sinadarin Bature ya saya, ranar da tallafinsa ya ƙare sai a lulluɓe ta da leda. A 2022 sidi, kuɗin ƙasarmu, ya zube, kuɗin kayan aiki ya ninka, amma ban ga manya sun rage motocinsu V8 ko ɗaya ba. Kowace gwamnati ta zo sai ta hau mumbari ta yi waƙar fasahar zamani, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, a tafi. Kuɗin gyara kuwa babu wanda ke yanka masa ƙyalle, saboda haka babu shi. Ga yaranmu a Tip Toe Lane, layin masu gyara can Circle a Accra, kan benci cikin rana suna farke kwamfuta su haɗa kafin ka gama shan koko, amma su ba su da ɗan uwa a sama da zai kai su ofis mai sanyi.

Farantin dai yana kwandon shara. Intanet ya dawo ranar Laraba da la'asar, na buɗe tikitin. Yau Alhamis saƙo ya shigo cewa an warware matsalata, an rufe tikiti, wai in taimaka in ba su tauraro daga 1 zuwa 5. Na leƙa ɗakin, kwamfutar tana nan tana neman kalmar sirri.