Ranar da motata ta kwance min zani a ƙofar gidan surukai

Ranar Asabar ce, ni ne zan kai surukina ɗaurin aure Wudil. Na sha farar shadda mai sitaci, na wanke motar nan 'yar Kwatano ƙirar 2004 har tana ƙyalli. Baba ya shiga gaba, ya gyara zaman babbar riga, ya ce, "Bismillah, mu je."

Na tada mota, inji ya amsa lafiya lau. Na taka birki, na ja giya zuwa D, na ba ta wuta. Ƙara kawai, vuuum! Mota ko gezau. Na mayar R, na sake takawa. Nan ma dai ihu take kamar injin markaɗe, amma taya ko motsi.

"Lafiya dai, Malam?" in ji Baba.

"Lafiya ƙalau, Baba. Ɗumama take yi."

Kafin ka ce kwabo majalisar ƙofar gida ta taso. A Kano mota ba ta lalacewa a rasa masana. Wani ya ce kulochi ne. Na ce ai otomatik ce, ba ta da abin takawa na uku. Ya ce to shi ya sa. Wani dattijo ya ce a tura ta kawai, duk da injin yana aiki, kuma otomatik ko mutuwa ta yi ba a tada ta da turi. Don in rabu da su na sa giya a N. Ƙarti shida suka dafa, har da mai shayi, suka yi ta nishi. Ko taku ɗaya ba ta yi ba. "Sauke ƙafarka daga birki mana!" Na fito da ƙafafuna biyu waje don kowa ya shaida.

Sai wani mai hular sanyi a cikin zafin Afrilu ya yanke hukunci: "Giyabos ya tafi. Sai dai Ƙofar Ruwa." Wato kasuwar kayan gyaran mota. Ya faɗi kuɗin giyabos na Beljiyam, na ji cikina ya juya. Wani ya ce kafin nan a gwada mai. Aka aiki yaro ya sayo gora biyu na man giya, na ɗura da hannuna, rabin na biyun ya sauka a gaban rigata. Ja wur, kamar na fito daga mayanka.

Da na kira makanikena, bai ma zo da kansa ba. Yaronsa ya turo, ɗan shekara goma sha biyar, da silifa wari da wari. Raina ya ɓaci, amma yaron bai ko dube ni ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin mota ko akwai jan mai a ƙasa. Babu. Ya zaro ma'aunin man giya, ya goga a farar takarda, ya shinshina. Ya ce in da farantan ciki sun ƙone, man zai yi baƙi yana ƙauri, wannan kuwa ja ne garau.

"Amma Alhaji, wa ya cika shi haka? Ya wuce layi sosai. In ya yi yawa kumfa yake yi, sai mun rage."

Mai shawarar ƙarin mai ya tuna yana da uzuri a cikin gida.

Yaron ya ce in sa D in taka kaɗan, ya kasa kunne wajen tayar gaba. Wai in shaf, ƙarfen da ke juya taya, ya karye za a ji ƙaras-ƙaras, allurar gudu tana tashi mota tana tsaye. Shiru. Sai ya leƙo ta taga ya nuna gaban sitiyari.

"Alhaji, giyarka tana ina?"

"D."

"To nan me aka rubuta?"

P. Tun safe harafin nan yake kallona. Ya ce in sa ribas, ya zaga baya: farar fitila ba ta kama ba. Ya buɗe bonet, ya cusa hannu ta gefen batir, ya ɗago bakin wata waya tana lilo. Ita ce ke haɗa sandar giya da giyabos, kuma ɗan zoben roban da ke riƙe ta, wanda bai fi murfin kwalba ba, ya rududduge don tsufa. Wato duk jan giyar da nake yi, iska nake ja. Motar tana kulle a P, shi ya sa ƙarti shida suka yi asarar kokonsu na safe.

Ya mayar da wayar, ya ɗaure da guntun ƙarfen ɗauri kafin a sayo sabon zobe, ya zuƙe man da na biya kuɗi na zuba. Na sa D, mota ta zabura kamar ba ita ba.

Na juya in yi wa Baba albishir, kujera wayam. Mai shayi ya ce tun ana turi Baba ya tare Adaidaita zuwa tasha. Na isa Wudil ana shafa Fatiha, da jan tambari a ƙirji, mutane suna ta yi min sannu da jiki. Satin da ya biyo baya akwai suna a Gwarzo, na kira Baba na ce zan zo in ɗauke shi.

"Allah ya yi albarka," ya ce. "Kai dai ka taho a hankali, ka same ni a can."