Samari, wa ya ce muku kwarashi na mata ne?

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ƙannena maza na nan Gombe. Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutun, shekaranjiya ne ɗan yayata mai shekara 11 ya dawo daga makaranta fuska a murtuke, wai malamarsu ta ce kowa ya zo da kwarashi da zaren ulu, mace da namiji, shi kuma ya rantse ko za a kore shi ba zai taɓa ba don kar abokai su sa masa ɗan daudu. Na buɗe baki zan rufe shi da faɗa sai na yi shiru, don wallahi abin da ya faɗa ni ma shi na faɗa ina kamar shi.

Lokacin muna firamare akwai abin da muke ce wa handiwok, ƙarshen zango kowa ya kawo abin da ya yi da hannunsa, maza igiya da tsintsiya, mata faifai da mafici da saƙa. To ni saƙar ce ta shiga raina, a gida Yaya ta koya min yadda ake naɗe zaren a yatsa a saƙalo shi da bakin kwarashi a yi ta jan sarƙa, har na fara yi wa ƙanwarmu hular sanyi ja da fari. Wata rana na manta kwarashin a aljihu muka je ƙwallo ya faɗo a fili. Shi ke nan, Inna mai saƙa ya zama sunana har na gama aji shida, na koma gida na jefa shi bayan randa ban sake waiwayarsa ba. Yaya ita ta ci gaba, yau injin saƙa gare ta a ɗaki, da hunturu ya kawo kai ba ta da lokacin kanta, suwaita ta 'yan makaranta, safa, shawul da setin jarirai na masu suna, duk ita. Ni da na kare mutuncina a filin ƙwallo, lokacin da nake yawo da takardu a ambulan wajenta nake zuwa rancen kuɗin Keke Napep.

Ku tambayi kakanninku mana, waye masaƙi a ƙasar Hausa? Mata su gurza auduga su kaɗa zare da mazari, amma mai zama a masaƙa yana jefa ƙoshiya yana fitar da saƙi da tsamiya ai namiji ne. Masu rini a Ƙofar Mata ta Kano maza ne, sunan ƙofar ne kawai na mata. Aska biyu da aska takwas da ke gaban babbar riga, malamai da almajirai ne ke zama a zaure suna yi da allura wata da watanni. Garin nan namu ma da auduga ya yi suna, shi ya sa har gobe muke da unguwar da ake kira BCGA, sunan kamfanin audugar Turawa ne ya bi ta. Ka je Dadin Kowa ka ga masunta zaune bakin ruwa suna gyaran raga, ƙulli bayan ƙulli, in ba saƙa ba mene ne wannan? Wato in ka riƙe allura kana ɗinkin hular zanna kai namiji ne, in ka riƙe kwarashi kana hular sanyi ka zama mace, alhali kai ɗaya za su hau. Haba jama'a.

Wani zai ce addini. To an tambayi Nana A'isha me Manzon Allah (SAW) yake yi in yana gida, ta ce yana ɗinke tufafinsa, yana gyara takalminsa, yana hidimar iyalinsa. Annabi Dawud, sarki guda, sulke yake ƙerawa, Alƙur'ani ya faɗa, kuma daga aikin hannunsa yake ci. Kai kuma maɓallin rigarka ya cire, sai ka jefa wa Mama ko ka zauna jiran mai keken ɗinki a kafaɗa ya wuto layinku yana kaɗa almakashi.

Laifin ba na yara ba ne su kaɗai, gaskiya. Handiwok ɗin ma daga baya lalacewa ya yi, a sayo tsintsiya a kasuwa a kai, ko a miƙa kuɗi a samu maki. Tsarin karatu na 6-3-3-4 da aka shigo da shi a 1982 an yi shi ne don yaro ya fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannu, amma mu dai a makarantarmu intoro tek, wato darasin koyon fasaha, a allo muka yi shi, an zana mana zarto mun kwafa a littafi, injinan suna sito a kulle babu wuta. Sai ga shi tun 2012 hukumar bautar ƙasa ta shigo da koyar da sana'a a sansani, ƙato da digiri yana layi a koya masa haɗa sabulu da ɗinki cikin sati uku, abin da ya raina yana ɗan shekara goma.

Ku ma 'yan mata ban ƙyale ku ba. Wasunku yanzu gani suke saƙa ta tsofaffi ce, ku ne kuma kan gaba wajen yi wa namiji dariya in kun gan shi da zare. Nana Zainab bint Jahsh, matar Manzon Allah (SAW), jimar fata take yi da hannunta ta yi sadaka da abin da ta samu. Kuma dan Allah ku koyi canja ƙwan lantarki da ɗaura kan gas, ba sai an bar tukunya a ƙasa ana jiran Yaya ya dawo daga majalisa ba.

Shi dai ɗan yayar tawa ban masa wa'azi ba. Jiya bayan la'asar na biya kasuwa na sayo kwarashi biyu da ulu ƙulli biyu, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na zauna na fara, uwarsa na ta dariya wai na matse zaren kamar mai ɗaure akuya. Hannun ya manta sosai, sau uku ina warwarewa. Can sai ga shi ya raɓo ya tsuguna, ya ce Kawu ba haka Umma take riƙewa ba, kawo ka gani. Amma sai da ya fara tashi ya sa wa ƙofar gida sakata tukuna.