Laburaren New York ba zakunan nan biyu ba ne

Duk baƙon da ya zo New York sai ya je Fifth Avenue ya ɗau hoto da zakunan dutsen nan biyu na ƙofar babban laburare, ginin da aka buɗe a 1911. Gini kam ya haɗu ba musu, amma ni wallahi ba nan nake ganin darajar abin ba.

Ku duba yadda aka faro. Attajirin nan John Jacob Astor ya mutu a 1848 ya bar wasiyyar dala dubu 400 a gina laburare, aka buɗe a 1854, amma ba a ba da aron littafi, sai dai ka zauna nan ka karanta kuma kafin duhu an kulle ƙofa, to leburan da ba ya tashi aiki sai magariba yaushe zai shiga? Laburaren wani attajirin kuma, James Lenox, sai da tikiti ake shiga. A 1895 aka haɗe su biyun da dukiyar da tsohon gwamna Samuel Tilden ya bari, aka samu New York Public Library, amma har lokacin abin na manya ne.

Sai a 1901 ya sauko cikin unguwanni, da Andrew Carnegie mai kamfanin ƙarfe ya ba da dala miliyan 5.2 a gina rassa 65, amma fa da sharaɗi, hukumar birni ce za ta ba da fili ta kuma ɗau nauyin gudanarwa duk shekara. Wannan sharaɗin shi ne ƙashin bayan komai. Gini ai mai kuɗi ɗaya ma zai iya, abu mai wuya shi ne a yi shekara ɗari ana biyan albashin ma'aikata ana sayen sabbin littattafai ana gyaran rufi in ya yi yoyo.

Ku shiga kowane reshe a Bronx wajen ƙarfe uku in an tashi makaranta ku gani. Yara da jakunkuna a baya sun cika tebura suna aikin gida, ga dattijo a gaban kwamfuta yana cike fom ɗin neman aiki da yatsa ɗaya ma'aikaciya na tsaye kansa tana nuna masa inda zai danna, ga ajin koyon Turanci kyauta, irin wanda iyayenmu mata da suka zo daga Ghana da Nijar ke buƙata. Lokacin sanyi wani ma ɗumi ya kawo shi, kuma ba mai ce masa me ka zo yi. Tun Oktoban 2021 sun soke tarar makara da littafi, tarar da dama ɗan talaka take kora.

Shi ya sa raina ya ɓaci sosai da aka rage musu kuɗi ƙarshen 2023 a zamanin magajin gari Eric Adams har suka daina buɗewa ranar Lahadi, ranar da mai aikin kwana shida yake da sarari. Sai da mutane suka yi ta rubuta wasiƙu suna matsa wa kansiloli lamba sannan aka dawo da kuɗin a 2024.

Don Allah 'yan uwa na Bronx da Harlem ku je ku yanki kati ku yankar wa yara, kyauta ne, shaidar suna da adireshi kawai za ku nuna.